Ranar da Aka Ƙaddamar da Baƙin Dutse

A wani daji, majalisar dabbobi ta yanke cewa kowa ya kai kalmar sirrin ƙofarsa ajiya can wani suri mai nisa, wai don gudun mantuwa. Dela, wata kurege mai ƙananan 'ya'ya a rami, ta kai tata ba don ranta ya so ba. Yaranta ba sa buɗe wa kowa sai wanda ya faɗi kalmar nan.

Aka kuma sassaƙa wani baƙin dutse. In ka karce umarni layi ɗaya a kansa, sai gara su ɗauko maka kalmarka daga surin. Ranar ƙaddamarwa, shugaban majalisa, Gwaggon Biri, ya tara kowa.

"Jama'a," in ji shi, "daga yau mun rabu da mantuwa. Ku matso ku gani da idonku."

Dela ta miƙe. "Ranka ya daɗe, in mutum ya nemi tasa, tasa kaɗai za ta fito?"

"Yarinya, je ki ji da goyonki. Wannan aikin manya ne."

Don ya burge taro, sai ya karce "kawo duka". Su kuwa gara ba su san wasa ba. Kalmomin dajin kaf suka jeru a kan dutsen, kowace da sunan mai ita. Muzuru, mai ba majalisa shawara kan tsaro, ya gyara zama a sahun gaba, bakinsa na motsi a hankali.

Dela ba ta jira addu'ar tashi ba. Ta isa gida tana haki, ta koya wa yaran sabuwar kalma har ta zauna musu.

"Ko da muryata kuka ji an faɗi tsohuwar kalmar, kada ku buɗe. Kun ji ni?"

Can kuma majalisa ta kafa doka: duk wanda ya karanta, ya manta nan take. Muzuru ne ya fara rantsuwa cewa ya manta.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofar Dela, wata murya mai laushi ta faɗi tsohuwar kalma. Dela ta rungume yaranta, ba wanda ya motsa.

Washegari aka gurfanar da ita kan laifin sauya kalma ba da izini ba. Zomo da Gafiya ba su samu halarta ba, suna gida suna karɓar gaisuwar rashin 'ya'yansu. Muzuru ya nemi a tilasta mata kai sabuwar kalmar ajiya kafin rana ta faɗi.

Kowa ya shaida, ba a taɓa ganinsa da kishin doka irin na ranar ba.