Jana'izar Maganaɗisu

Ko da zan manta da duk abin da ya taɓa faruwa da ni a wurin aiki, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Zaitawa ba. Har yau in na tuna sai na ji gumi ya karyo mini a ƙeya, ko da kuwa ina zaune a gaban fanka.

Ni kafinta ne. Shagona yana wajen Ƙofar Wambai, kuma abin da aka fi sanina da shi shi ne shogilas na amare, irin wanda ake jera tangaran a ciki. Amma da za ka tambayi 'yan majalisarmu, ce maka za su yi sana'ata ta gaskiya surutun ƙwallo ce. Ban taɓa buga wasan da ya wuce na layinmu ba (shi ma gola ake sa ni, don ba na iya gudu), amma babu ɗan wasan da za a ambata ban ce na san kakansa ba. In na san gutsuren labari, sai in cike sauran da kaina, kuma da yake Allah ya ba ni murya, ba a cika musa mini ba.

Wata rana Hajiya Bilki ta zo shagona. Malamar makaranta ce, na taɓa yi wa 'yarta kayan ɗaki. Ta ce mahaifinta yana da wasu kayan ƙwallo da ya adana a adaka biyu sama da shekara arba'in, kuma daminar bara ɗakin ya yi yoyo, saura kaɗan ruwa ya shiga ciki. Yanzu an gyara ɗakin, tana so in yi masa shogilas mai kyau, ya riƙa ganin kayansa ba sai ya durƙusa ba, don gwiwa ta fara damunsa. Ta ja mini kunne cewa Baba ba ya son a taɓa masa kayan nan, da ƙyar ta shawo kansa, don haka in bi shi a hankali. Ba ta ce mini komai game da shi ba bayan wannan, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka wani tsohon ɗan kallo ne irina, wanda ya tara tarkace.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki tef ɗin awo da fensir na nufi Zaitawa. Gidan yana cikin lungu, irin tsofaffin gidajen nan masu soro biyu. A ɗakin da ke gefen soro na biyu na tarar da Baba Alhaji, kamar yadda kowa yake kiransa, yana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Dattijo ne mai gemu fari fat, ya ɗan ranƙwafa, ga tabarau mai kauri. Da a hanya na gan shi, cewa zan yi limamin unguwa ne. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya jawo adakar farko ya buɗe.

Gaskiya ban taɓa ganin adana irin wannan ba. Kowace riga an naɗe ta a cikin farin ƙyalle, an sa kafur a gefe saboda asu. Takalman ƙwallo guda biyu na fata, irin na da masu nauyi, an cusa musu takarda a ciki don kada su lanƙwashe, kuma fatar tana sheƙi, ya ce duk bayan wata biyu yake shafa musu man kaɗe. Ga tikitocin shiga fili an jera su a cikin wani tsohon littafi, kowanne da shafinsa. Ga usur, ga lambobin yabo a cikin gwangwanin alewa, ga wani ƙaramin kofi da ya dushe. Adakar kanta ba a ƙasa take ba, a kan bulo huɗu ya ɗora ta saboda gara da danshi. Duk abin da ya ɗauko sai ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri.

Mutum mai hankali da ya yi shiru ya ƙaru. Ni kuwa sai na ga dama ta samu ta nuna wa dattijon nan cewa masani aka kawo masa.

A adaka ta biyu ya fito da wani hoto baƙi da fari a cikin firam. Matasa goma sha ɗaya ne, 'yan ƙwallon wata masaƙa da aka daɗe da rufewa, an rubuta sunan kowa a ƙasa da tawada. A tsakiyar layin gaba akwai wani dogon saurayi ya tsugunna, ya dafa ƙwallo, ga suma ya tara kamar kwando. A ƙarƙashinsa an rubuta Maganaɗisu.

Sunan nan na taɓa jin sa sau ɗaya tak, a bakin wani tsohon tela a majalisarmu, wanda ya ce a zamaninsu akwai wani gola da ƙwallo take bin hannunsa kamar an kira ta. Iyakar abin da na sani ke nan. Amma sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Allahu Akbar! Baba, ai wannan Maganaɗisu ne. Allah ya jiƙan maza."

Baba Alhaji ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ka san shi ke nan?"

Na ce sani ma na haƙiƙa, ai aminin mahaifina ne (mahaifina, Allah ya gafarta masa, baduku ne, bai taɓa taka filin ƙwallo ba, kuma yakan ce wasan banza ne). Na ce yana yawan zuwa gidanmu, har yakan ɗauke ni a kafaɗa. Da na ga dattijon ya gyara zama yana saurare, sai na ƙara wuta. Na ce ai mutane ba su sani ba, sirrin kamunsa wata laya ce da aka ɗinke masa a cikin safar hannu, wani malami ya ba shi. Baba ya ce ikon Allah, shi bai taɓa jin wannan ba. Ya miƙa hannu cikin adaka ya fito da wata safar hannu da ta sha faci, ya ce in duba ko layar tana nan.

Na karɓa na jujjuya ta, na matsa nan na matsa can kamar mai sayen tumatir. Sannan na girgiza kai na ce, ba don in ɓata masa rai ba, amma anya wanda ya ba shi wannan bai yaudare shi ba? Hannun Maganaɗisu ya fi haka girma nesa ba kusa ba. Ya ce to, ta dai daɗe a wurinsa, amma tunda na faɗa.

(A nan ya kamata in lura cewa kafaɗunsa suna ɗan rawa. Na ɗauka tsufa ne.)

Sai ya tambaye ni, a natse, yaushe mutumin ya rasu. Na ce an kwana biyu, ya yi 'yar jinya, duniya ta manta da shi, abin tausayi. Ya ce, "Ka samu jana'izar kuwa?"

Na ce, "Ni kuwa na samu, Baba. A sahu na biyu nake."

Ban rufe baki ba aka yi sallama daga soro. Muryar wani tsoho ce mai ƙarfi, yana buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Maganaɗisu yana ciki, ko ya fita?"

Baba Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Shigo, Tanko. Zo ka gaisa da wanda ya yi mini salla."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na dubi hoton, na dubi dattijon, na sake duban hoton. Hancin nan ne, goshin nan ne, sumar ce kawai ta tafi. Ga safar hannun mutum a hannuna, wadda na gama ce masa ba tasa ba ce. Na rasa inda zan ajiye ta, na rasa inda zan ajiye idona. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Baba, ashe kana nan?" Ya ce ga shi kuwa, da sauran kwana.

Malam Tanko, wanda na gane daga baya shi ne mai tsaron bayansu a hoton, ya shigo ya zauna, Baba ya kwashe labari tas ya gaya masa, har da layar, har da kafaɗa. Tsohon nan ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi aka ba shi ruwan da aka kawo mini. Da ya samu numfashi sai ya ce shi abin da ya ɓata masa rai, a ce an yi jana'izar amininsa ba a aika masa ba. Hajiya Bilki ta jiyo hayaniya ta leƙo, aka sake maimaita mata daga farko. Ba ta yi dariya ba, kallona kawai ta yi irin kallon da malamai suke yi wa ɗalibin da aka kama da satar amsa, ni da nake da 'ya'ya huɗu.

Na miƙe na ce bari in je in dawo, na manta wani abu a shago. Niyyata in na fita ba za a sake ganina a Zaitawa ba har abada, ko da ɗaurin auren ƙanina ne. Baba ya ce in zauna. Ya ce aikin da ya kawo ni ban fara ba.

Sai ya juya hoton ya nuna mini bayansa. An sake rubuta sunayen goma sha ɗaya a jere, kuma a gaban guda takwas an yi ɗan alama da jan biro. Ya ce waɗannan su ne suka riga mu gidan gaskiya, kuma kowannensu da shi aka kai shi makwancinsa. Duk ranar Juma'a yakan fito da hoton ya bi su ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Rigunan da na gani ma ba duka ne nasa ba, iyalan wasu ne suka kawo masa bayan rasuwa, don sun san a wurinsa ba za su zama tsumman goge-goge ba. Ya ce, "Saura mu uku, ɗana. Kai kuma ka zo da safiyar nan za ka mayar da mu biyu."

Bai faɗa da faɗa ba, yana murmushi ma ya faɗa, kuma wannan ya fi mari zafi. Na durƙusa sosai na ce ya yafe mini, ƙarya na yi tun daga farko har ƙarshe, sau ɗaya na taɓa jin sunansa. Ya ce ai ya sani tun daga maganar kafaɗa, don shi bai taɓa ɗaukar ɗan kowa a kafaɗa ba, tana da targaɗe tun yana saurayi. Ya ce ya bar ni ne don ya ji yadda ƙarshensa zai kasance.

Ranar ban yi awo ba sai bayan azahar. Zama na yi ina saurare, abin da ban saba ba. Duk tsarin da na zo da shi a kaina ya rushe. Na so in sa shogilas ɗin yana kallon taga don haske, ya ce rana tana cinye launin riga da hoto, a sa shi a bangon da ba ta kaiwa. Na so in buga rigunan a jikin katako da ƙananan ƙusa su miƙe, ya ce ko allura ba za ta shiga jikinsu ba, a yi musu abin ratayewa mai faɗi a naɗe shi da ƙyalle. Na ce zan goge kofin ya yi ƙyalli, ya ce in bar shi, dushewar ta hannayen da suka ɗaga shi ce. Ya sa na yi wa shogilas ɗin ƙafafu masu tsawo, na bar rata tsakaninsa da bango, na huda ƙananan ƙofofin iska a baya na rufe su da raga. Shekara ashirin ina wannan sana'a, amma a ɗakin tsohon gola na koyi cewa jera kaya daban, adana su daban.

Sati uku na yi ina aikin, kuma ban taɓa yin wanda na zuba wa hankali kamarsa ba. Ranar da muka kafa shi, Baba da kansa ya jera komai, ni nawa miƙo masa ne. Rigunan mamatan ya sa a sama, tasa a can ƙasa a gefe. Hoton ya sa a tsakiya, daidai inda idonsa zai sauka in yana zaune a darduma. Da ya gama ya ja baya ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Labarin dai bai tsaya a Zaitawa ba, don Malam Tanko ba ya riƙe magana. Kafin wata ya ƙare ya iso majalisarmu, kuma yanzu da na fara ba da labarin wani ɗan wasa sai wani ya tambaye ni a sahu na nawa nake. Na rage surutu, ban ce na daina ba. Amma na koyi abu ɗaya: in na shiga ɗakin dattijo na ga hoton saurayi, kafin in ce Allah ya jiƙansa, sai na fara duban hancin mai ɗakin.

Ina zuwa gaishe da Baba Alhaji lokaci-lokaci, in duba ko ƙofar shogilas tana buƙatar gyara. Zuwana na ƙarshe, da zan tafi, ya riƙe hannuna a bakin soro ya ce, "Ranar da ta zo da gaske, kada ka makara. Wannan karon a sahun farko nake son ka."