Kyautar da na kai bikin Bulus

Wata uku na yi ina fama da 'yar fiyanon batir da na samo a gwanjo a Sabon Tasha, irin wadda muke sha'awa muna yara. Waƙa ɗaya na sa a gaba, wadda nake jiyowa daga cocin bayan gidanmu tun ina firamare. Ban san abin da take cewa ba, amma daɗinta bai taɓa barin kunnena ba. Matata har ƙarata ta kai wurin yayana, ban fasa ba.

Ranar auren Bulus, abokin aikina a Kudenda, na karɓi makirfo na ce ga kyautata ga amarya da ango. Na fara dannawa. Dattawa suka cire huluna, uwar amarya ta fashe da kuka. Na ce a raina, lallai na ratsa zukata. Na sake ɗaukowa daga farko.

Sai Bulus ya sunkuyo ya raɗa mini: "Mutumina, da wannan fa muke raka gawa."

Har yau in kakar amarya ta hango ni sai ta ɗaga sandarta: "Malam mai fiyano, ka yi haƙuri, ban shirya ba tukuna!"