Rasuwar Ma'aunin Ƙusar Kunne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Sistar ɗakin kunne take sanar da majinyata da abokan aiki rasuwar abokiyar zamanta, na'urar auna ƙarfin ƙusa, wadda aka fi sani da Uwar Gaskiya. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara tara a bakin aiki.

Ga wanda bai san marigayiyar ba: akwai masu ciwon kunnen da likita kan dasa wa 'yar ƙusa a ƙashin bayan kunne, in ƙashi ya riƙe ta gam sai a maƙala na'urar ji a kanta. To, ita Uwar Gaskiya aikinta ta faɗi ko ƙashi ya riƙe. A kanga bakinta kusa da ƙusar, ta ce "ƙit, ƙit, tiiit", lamba ta fito. Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Ko likita ya ɗaure fuska, abin da ta gani shi take faɗa, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ba ta yi doguwar jinya ba, kuma Sista ba za ta ɓoye laifinta ba. Tsabar tsafta ce ta ja. Ranar da layi ya kai har bakin matakala, sai ta kwashe kayan tire gaba ɗaya ta zuba a tukunyar da ake dafa kayan aiki, har da baiwar Allah. Da aka buɗe, ta yi "tii" sau ɗaya, siriri kamar kukan ɗan tsako, shi ke nan. Kaico! Kamfanin da ya haife ta ya amsa wasiƙa da ladabi cewa ya daina yin irinta.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da akwati mai ɓallallen marfi, da Sista wadda tun ranar abinci ba ya wuce mata. Ta kuma bar wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda shekara biyu ke nan shagonsa a rufe, don wanda ba ya ji ba ya gyaran rediyo. Ƙusarsa ta farko ta fita saboda an yi gaggawa. Wannan ta biyu ce, kuma ƙashin ba shi da wurin ta uku. Likita ya rantse ba zai maƙala masa komai ba sai lamba ta kai sittin da biyar. Marigayiyar ta ba shi hamsin da takwas, ta ba shi sittin da ɗaya, awon ƙarshe sittin da uku. Har dattijon ya sa an share masa shago.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, a saman kantar sito, inda ake ajiye abin da ba ya gyaruwa. Ba a buƙatar taro. Mutum ɗaya ne tabbas zai halarta, don lokacin awonsa ke nan, kuma ba a iya sanar da shi ta waya. Zai zo ya zauna, ya cire hula, ya juyo mata da bayan kunnensa yana murmushi. Sista ta tanadi takarda da biro. Har yanzu ba ta san abin da za ta rubuta masa ba.