Yadda Za Ka Sa Wa Kowace Lamba Alamar Kuɗi A Tablon Alhaji

Kai mai son zama babban ma'aikaci ba tare da ka sha wahalar karatu ba, matso kusa. Ga matakai bakwai da za su sa takardar farashi ta fito da alamar kuɗi reras, kamar daga banki aka aiko ta. Na yi maka alkawari, in ka bi su yadda na tsara, kafin kasuwa ta ci sau biyu duk gari ya san sunanka. An gwada su a Magaria shekarar da naira ta fito a Najeriya, kuma Ari ne ya gwada, mutumin da ya shekara biyar yana dakon buhunan gyaɗa kafin ya samu kujera a kantin Alhaji Mutari mai atamfa. Abu ɗaya ne ke tsorata Ari a duniya: kada kujerar nan ta suɓuce ya koma ƙarƙashin buhu.

1. Ka ce ka iya

Kada ka jira ka iya tukuna, wannan ɓata lokaci ne. Alhaji Mutari ya ƙetara Babura, a Najeriya, ya ga takardar farashin wani kamfani, kowace lamba da sabuwar alamar naira a gabanta, ya dawo bai da wata magana sai ita. Ya sayi tsohon mashin ɗin rubutu wurin wani ma'aikaci mai ritaya, ya ajiye a kan tebur, ya ce wa ya iya. Ari, wanda ya shigo da dami a ka, ya sauke shi ya ce, "Alhaji, ai a Damagaram na koya."

Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Ya yi shekara biyu a wani biro, wato ofis, a Damagaram, tsintsiya ce dai a hannunsa. Kai ma in an tambaye ka, ka faɗi sunan garin, ka yi shiru kan tsintsiyar.

2. Ka ja layuka

Ka samu farar takarda babba, ka ja layi tsaye, ka ja kwance, har ta zama gida-gida. Sunan wannan tablo, kuma ka riƙa faɗinsa da ƙarfi don na bakin ƙofa su ji. Gidan hagu na sunan kaya ne, na dama na farashi. Ka zura ta a mashin, ka yi bugu da yatsa biyu, sauran takwas ɗin su huta. Duk lokacin da ƙararrawar mashin ta yi ƙil, ka ɗaga kai ka dubi rufin kanti kamar mai wani dogon lissafi.

3. Kada ka taɓa lambar mai kanti

Alhaji ya miƙa wa Ari tsohon littafinsa na farashi, wanda zufar hannu ta mayar ruwan ƙasa, ya nuna shi da yatsa. "Duk lambar da ka gani a nan, haka za ka kwafe ta. Ka ƙara ko ka rage ko ɗaya, buhunka na jiran ka."

Ari ya rantse, ya kuma cika rantsuwarsa. Turmin atamfa mai kyau 600, ya buga 600. Ɗankwali 40, ya buga 40. Alhaji dai, kamar kowa a ƙasar nan, da dala yake lissafi tun yana yaro, kuma dala ɗari shida ita ce jika uku, wato faran dubu uku. Ka ajiye wannan a ranka, don Ari bai ajiye ba.

4. Ka fara nuna gwaninta da alamar maƙwabta

Mashin ɗin na Faransa ne, babu alamar naira a jikinsa ko ka juya shi ƙasa. To kada ka karaya. Ka buga N, ka danna maɓallin komawa baya, ka ɗora masa layuka biyun nan na lissafi a ciki. Ranar da Ari ya gano haka sai da ya tashi ya zagaya tebur sau uku yana dariya shi kaɗai. Ya cika takarda guda da naira, ya kira mai shayi, ya kira tela, ya kira wani Bafillace da ya tsaya tambayar hanya kawai.

Alhaji ya duba ya ji daɗi ƙwarai, sannan ya tuna. "To amma mu ba a Najeriya muke ba. Ina tamu?"

5. Ka nemo tamu, kada ka yi rowa

Tamu ba ta da wahala, F ce, ta faran, tana zaune tsakiyar mashin tana jiran ka. Bugu ɗaya ta fito. Ari ya sa ta bayan 600, ya ja da baya ya kalle ta, ya ga lambar ta yi kwarjini kamar an naɗa mata rawani. Daga nan hannunsa ya ƙi tsayawa. Layi arba'in da biyu, F arba'in da biyu, har shekarar 1973 da ke saman takarda ta samu tata.

Masu hassada za su ce maka faran biyar ke yin dala ɗaya, don haka sai ka ninka kowace lamba sau biyar kafin ka liƙa mata F. Ari ma ya san da haka, ai da dala aka biya shi dako shekara biyar. Amma an ce kada ya taɓa lamba, kuma bai taɓa ba, ado kawai ya ƙara mata. Mutum in yana cikin murna irin wannan ba ya jin kiran hankalinsa.

6. Ka sa mai kanti ya yi rantsuwa a bainar jama'a

Wannan ba sai ka wahala ba, da kansa zai yi. Alhaji, wanda ya san lambobi amma bai damu da baƙaƙen boko ba, ya ga nasa duk suna nan yadda ya san su. Ya buga hatimi, ya kafe tablo a ƙofar kanti da ƙusa huɗu, ya ce wa duk wanda ke tsaye, "Daga yau an daina taya da albarka a nan. Abin da ke takarda shi ne kuɗi, ko da kuwa ni zan faɗi."

Ari ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya ba matarsa Ƙande labarin tun daga layin farko, ya maimaita mata sau biyu. Ƙande ta shekara uku da zane ɗaya na fita, ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, ta saurare shi tana murmushi har tuwo ya huce.

7. Ka tsaya da ƙafafunka ranar kasuwa

Mushe Yero, malamin lakwal, wato makarantar boko inda ake ce wa malamai mushe, ya karɓi albashi ranar. Ya tsaya gaban tablo, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, sannan ya hau kekensa da gudu ya dawo da malamai huɗu. Ya zaɓi turmi mai shuɗi, ya ajiye dala ɗari da ashirin.

"Mushe, saura," in ji Alhaji. "Ɗari shida ne."

"Ɗari shida na biya, Alhaji. Faran ɗari shida, ga F nan, ga hatiminka. Kai ka ce ko da kai za ka faɗi."

Alhaji ya juyo a hankali ya dubi Ari, Ari kuwa ya ji wuyansa ya fara ciwon buhu tun ba a ɗora masa ba. Alhaji mutum ne mai son kuɗinsa, amma ya fi ƙin a ce ya ci maganarsa. Ya miƙa turmi biyar ga malamai biyar, duk turmin da ya fita Alhaji yana jin kamar haƙori aka cire masa. Kafin na ƙarshe ya hau keke, labari ya kai rumfar masu mai, mata sun taso.

Wadda ta riga kowa isowa Ƙande ce, tana haki, ta kwance bakin zanenta tana zazzage kuɗin ƙuli-ƙulin da ta tara.

"Alhaji, barka da kasuwa. An ce atamfa ta karye, ni ma a ba ni mai ja." Wata daga baya ta ce ƙila kuskure ne aka yi a takardar. Ƙande ta juya ta harare ta. "Wane irin kuskure? Maigidana ne ya buga ta da hannunsa. Shi ba ya kuskure."

A nan ka yi abin da Ari ya yi, wato ka dubi ƙasa. Kunya ta kama shi fiye da tsoro, har ya gwammace a kore shi nan take.

Alhaji ya daɗe yana kallon tsabar da ke kan tebur. Sannan ya sauko da mai jan, ya miƙa mata da hannu biyu, ya fita ya ɓamɓare tablo, ya gaya wa sauran mata cewa rahusar ta mutum shida ce kuma ta ƙare. Da Ƙande ta yi nisa, rungume da turminta, Ari ya tashi daga kujera ya fara neman hularsa.

"Ina za ka?" in ji Alhaji. "Matarka ta ce ba ka kuskure. Ba ni zan gaya mata ba. Zauna ka sake bugawa, kowace lamba sau biyar, kuma ka karanta mini da baki kafin ka sa mata ado."

Ari ya zauna. Sai da ya ɓata takarda uku kafin ya iya jan layin farko.

Sanarwa: mai wannan nasiha ba shi da hannu a duk turmin da ya salwanta, ko kujerar da ta suɓuce, ko mai kantin da ya biyo ka da sanda. Matakan nawa ne, amma Alhaji Mutari da Ƙande ba sa cikin abin da na yi maka alkawari, in ba ka da irinsu ka tanadi gammo tun yanzu.