Ranar da Na Fiƙe Filogin Janareta

Ranar sunan ɗan maƙwabcina Malam Isa, a unguwar Magajiya, aka ɗauke wuta, janaretansa kuma ya ƙi tashi. Ni kuwa na taɓa karanta cewa lantarki a tsini yake taruwa. Na ce, "Ku matsa, aikin ilimi ne." Na ciro filogin, na goga bakinsa har ya koma kamar allura.

Da na mayar da shi, janaretan ya tashi kuwa. Mata suka rangaɗa guɗa, na gyara zaman hulata. Ba a gama addu'a ba tsinin ya narke, injin ya mutu, zoɓon baƙi ya huce a firij.

Na gaji da ba da haƙuri. Har yau in na wuce, matar Malam Isa sai ta miƙo fensir: "Injiniya, a fiƙe mana."