Kwalabe Biyu na Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a asibitin ido da nake aiki a Ƙonni ba, ko da zan so in manta.

Lokacin ni ne shugaban wani gwajin magani: muna kwatanta sabon maganin ɗigawa da tsohon, ga mutanen da aka cire wa yanar ido. Kowa muka ba shi kwalabe biyu, ta safe da ta marece. A irin wannan aiki dole kwalaben su yi kama, don kada kowa ya san wa ke karɓar sabon magani. Ni kuwa na wuce gona da iri, har ta safe da ta marece na sa aka yi su iri ɗaya, sai ɗan rubutu a gefe. (Na yi alfahari da rubutun nan, kwana uku na yi ina tsara shi a buro, wato ofishina.)

Ranar, wata babbar malama ta zo daga Yamai duba aikinmu. Ina son in burge ta, sai ga Inna Hajo, wata dattijuwa daga wani ƙauye bayan Tsarnawa, ta zo awo. Da na karɓi kwalabenta, ta safe ta kusa ƙarewa, ta marece kuwa cike take.

Nan na hau ta da faɗa, a gaban malama da ma'aikatana da masu jiran layi. Na ce mun yi bayani, mun maimaita, amma mutane ba sa saurare. Na ce irin wannan sakaci ne ke ɓata aikin shekara guda. Har da buga tebur.

Ta bari na gama. Sannan ta miƙo mini kwalba ɗaya.

"Ɗana, hidda madubin idonka ka karanta mini. Mi anka rubuta?"

Na cire tabarau. Na matso da kwalbar, na nesanta ta, na juya ta wajen taga. Wallahi ban ga komai ba sai ɗan baƙi-baƙi kamar tururuwa.

"To kai ke nan, mai ido biyu da bokon lakwal," in ji ta, ba tare da ɗaga murya ba. "Ni da anka yanka ma ido, ban kuwa taɓa karatu ba, ƙaƙa ni ka yi?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Malama dai ta sunkuyar da kai tana rubutu.

Da muka bincika, ba Inna Hajo kaɗai ba ce. Allah Ya kiyaye, ba idon da ya lalace, amma sakamakon watanni ya tashi a banza. Da hannuna na rubuta wa kwamitin da ya ba mu izini cewa kuskuren nawa ne. Sannan na hau babur har ƙauyensu na ba ta haƙuri.

"Ba komi," ta ce. "Ku ɗaura ma ta sahe zare a wuya, ko makaho shi na ji da hannu."

Haka muka yi da aka sake farawa.

Tun daga nan, duk abin da na tsara wa masu ciwon ido, sai na ajiye tabarau na duba shi tukuna. Kuma kafin in buga tebur, nakan tambayi kaina wa ya tsara rubutun jikin kwalbar.