Ta'aziyyar Giyar da Ta Cika Tana Ribas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, ni mai koyar da tuƙi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin ɗalibaina rasuwar giyar motata. Ta cika ranar Talata da hantsi a ƙofar gareji, bayan jinyar wata tara. Ga waɗanda suka fara murmushi, giyar mota nake nufi, ba ta kwalba ba.

Marigayiyar ta yi shekara goma sha huɗu a hannun 'yan koyo, kuma duk wanda ya san hannun ɗan koyo ya san abin da ta gani. An sa mata lamba uku a wurin lamba ɗaya. An fizge ta ba a taka kuloci ba. Wani ma'aikacin banki ya taɓa kama sandarta da hannu biyu kamar mai dama siminti. Ba ta taɓa yin yaji ba. Iyakarta ta ce "ƙirrr", ta shige.

Ciwon ya fara da wani ɗan "ƙwas" in an tashi daga lamba ɗaya zuwa biyu. Ƙanin matata, wanda ya yi karatun kanikanci a cikin wayarsa, ya leƙa ƙasa ya ce robar da ke riƙe inji ce ta tsage. Muka sauya roba. Ƙarar ta huta kwana biyu ta dawo da ƙarin girma, "ƙwas" ya zama "gwaf". Ya ce to lallai shaf ne, ƙarfen da ke juya taya. Muka sauya shaf, "gwaf" yana nan daram. Daga nan na karɓi jinyar da kaina: da ta fara sai in ƙara sautin rediyo. Matata ta nuna mini ɗigon mai da motar ke bari a tsakar gida kullum da safe. Na ɗauki mataki nan take, na shimfiɗa kwali a wurin.

Ɗalibarta ta ƙarshe surukata ce, mai shekara sittin da uku. Tun rasuwar mijinta motarsa ke rufe da tamfol, ita kuma ta gaji da jiran 'ya'ya su sami sararin kai ta asibiti awon jini. Ta ce in koya mata, ta daina roƙon kowa. Wata huɗu ba ta yi fashi ba. Sau uku tana ce mini, "Malam, motar nan magana take yi maka." Na ce, "Mama, tsufa ne kawai." Ta ce, "Ni ma tsohuwa ce, amma ranar da ka ji ina wannan ƙara, ka kai ni wurin likita."

Ranar jarrabawarta jami'i ya zauna a gefenta da takardarsa, ni ina tsaye a bakin fili. Ya ce ta shiga tsakanin duro biyu da baya. Ta sa ribas, aka ji "gwaf", ta shige tsaf ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ya ce ta fito da motar gaba. Ta taka kuloci ta ja sanda, sanda ta ƙi. Jami'in ya gwada. Na rugo na gwada har da gwiwa. Giya ta maƙale a ribas. Jami'in ya rubuta cewa baya ta yi kyau, gaba kuwa bai gani ba, a dawo ranar Litinin. Mama ta fito ta koma kujerar baya, ta bar mini tuƙi.

Layi uku muka bi da baya zuwa gareji, tana kujerar baya tana nuna mini hanya, masu shaguna suna fitowa kallo. A bakin ƙofa marigayiyar ta yi kalamanta na ƙarshe, "gurrr, ƙwal", ta yi shiru.

Tsohon bakaniken da ake kira Mai Kunne ya ɗaga motar ya kwance notin man giya. Abin da ya zubo bai cika kofin shayi ba, kuma garin ƙarfe sai ƙyalli yake a ciki. Ya ce robar da ke tare mai ce ta daɗe tana yoyo, mai ya ƙare, haƙoran giya suka yi ta cin junansu a bushe. Da an kawo ta tun ranar "ƙwas" na farko, in ji shi, aikin rabin yini ne. Saboda haka ina wanke dukkan ɗalibaina daga zargin da na yi shekaru ina yi musu. Ma'aikacin banki ya yafe ni. Mai laifin shi ne mai wannan sanarwa.

Ta rasu ta bar mijinta kuloci, wanda shi ma ba lafiya gare shi ba, da inji, da marayu biyu, sabuwar roba da sabon shaf, da aka kawo gidan ba gaira ba dalili. Rediyo ma yana raye, amma iyali ba sa magana da shi.

Za a sauke gawar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a garejin Mai Kunne, a ɗora ta a baro zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ana buƙatar ƙarti huɗu, don tana da nauyi. Masu ta'aziyya kada su zo da fararen kaya. An roƙi ƙanin matata ya halarta, amma ya bar wayarsa a gida. A ranar za a ɗaura wadda za ta gaje ta, 'yar gwanjo ce, an ce tana da kunya. Za a rufe zaman makoki ranar Litinin a filin jarrabawa, inda Mama za ta nuna wa jami'i cewa ta iya tafiya gaba. Ta ce in zo, amma in tsaya a wajen shinge.